LAULAYIN MUFUTAU

Shafi na 11

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku yi haƙuri, da rana taga nake haɗawa, sai na tashi nake samun zama. Shi kuma bawan Allahn da ya ce in daina sako maganar banɗaki cikin labarin soyayya, ɗan'uwa ka nemi wani labarin, don a rayuwata tare suke tafiya.

Ga wanda yau ya shigo: sunana Mufutau, ina haɗa tagogi da ƙofofin alminiyom a nan Ibadan, kuma ina da ciki mai ra'ayin kansa. Likita ya kira ciwon da wasu haruffan Turanci, da ya ga na yi masa zuru sai ya ce, "Hanjinka ne mai saurin fushi." Ba ya kisa, ba a ɗauka, amma ba ya tafiya. Yau gudawa, gobe ya ɗaure tamau kamar buhun siminti, da safe kuma tashin zuciya. Mun saba da juna ni da shi. Yayata Anti Raliatu ce kaɗai ta san wannan. Simbi da zan aura ba ta sani ba.

*

Ina kan tsani a Mokola wayata ta yi ƙara. Simbi ce.

"Boda Mufu, Iya Agba na nemanka. Ta ce ka zo da babba daga gidanku."

"Lafiya?"

"Ka zo kawai."

Ta kashe.

Simbi ba ta ce mini Boda, wato yaya da Yarbanci, sai in da manya a kusa. Iya Agba kuwa kakarta ce, uwar babanta. Tun da baban ya rasu, ita ke yanke magana a gidan. Ita ta amince danginmu su zo gabatarwa bayan Babbar Sallah, ita ce kuma za ta iya cewa an fasa.

Kafin ƙafata ta taɓa ƙasa cikina ya murɗa. Haka yake, ya fi ni saurin jin labari.

Na roƙi Oga ya sallame ni, na biya kasuwa na ɗauko Anti Raliatu daga shagon atamfarta. Muka matsu a bayan tasi, na ciro guntuwar citta daga aljihu na jefa a baki.

"Matsa can, sai ƙamshin citta kake kamar tukunyar mai shayi. Me ka yi musu?"

"Ban yi komai ba, Anti."

"Haka ka ce ranar da ka bar kwandasta. Haka ka ce ranar da ka bar shagon aski."

"Wallahi wannan karon ban yi komai ba."

Ta dube ni ta gefen ido.

"Ka faɗa wa yarinyar nan maganar cikinka?"

Na juya ina kallon titi.

"Mufu."

"Zan faɗa mata."

"Yaushe? In ta haifi na uku?"

Direba ya yi dariya. Ban san da shi ake hirar ba.

A ƙofar gidansu Simbi da ke Oje, kaskon ƙosan Mama, uwar Simbi, a kife yake, tukunyar waken Simbi a rufe. Ban taɓa ganin gidan nan bai yi ciniki da rana ba. A tsakar gida kuwa matan haya sun fito da wanki, kowacce da bokitinta, amma ban ji ƙarar ruwa ko ɗaya ba. Duk suka amsa sallamarmu da murya mai zaƙi.

Anti ta raɗa mini, "Wannan wankin na kunne ne."

Muka shiga ɗakin Iya Agba. Tana zaune a kujerarta, 'yar ƙaramar tsohuwa da carbi a hannu. Mama na tsaye ta harɗe hannuwa a ƙirji. Simbi na durƙushe a gefe, idonta jawur.

Anti ta durƙusa. Ni na zube rub da ciki yadda ake gaida manya a nan, haɓata a ƙasa. Kullum kafin in gama kwanciya Iya Agba ke cewa, "Tashi, mai taga, kada ka ɓata rigarka." Yau ba ta ce ba. Ta bar ni nan, cikina a kan siminti mai sanyi, shi kuma yana ta gunaguni kamar tsohuwar mota.

Sai da ta ja carbinta ya zagayo sannan ta ce, "Zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Raliatu, kin zo lafiya? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, Iya. Mun same ku lafiya?"

"Da sauƙi dai." Ta juyo gare ni. "Mai taga, na hana ka 'yar nan?"

"A'a, Iya."

"Na ce ka kawo mota ko gida?"

"A'a, Iya."

"To saurin me kake yi? Sallar nan guduwa za ta yi?"

Na dubi Simbi. Ta ƙi ɗagowa.

"Iya, ban gane ba."

Mama ta tafa hannu. "Bai gane ba! Ku ji mini yaro. To bari in ganar da kai. Kullum da safe kana biyowa ta ƙofar nan, ko ba haka ba? Da na jefa albasa a mai sai ka kau da kai. Na ga ka toshe hanci. Na ga ka tsaya bakin kwata kana tofar da yawu."

"Mama, ai..."

"Ban gama ba. Juya aljihunka."

"Mama?"

"Juya shi!"

Na juya. Citta ta faɗo. Rabin lemun tsami a leda ya biyo ta. Sai ɗan ƙullin ganyen na'ana'a.

Mama ta nuna su da yatsa, ta dubi Anti.

"Kin gani? Wane namiji ne ke yawo da lemun tsami a aljihu? Jiya na miƙa masa ƙosai mai zafi kyauta, ya ce shi farin koko kawai yake so, babu madara. Fuskarsa ta faɗa, da yamma kuma ciki ya yi tulu. Ni na haifi biyar, ba yau na fara ganin laulayi ba."

Na ji kalmar amma ba ta shiga ba.

"Laulayi? Ni?"

Iya Agba ta gyara zama.

"A gidan nan maza ke ɗaukarsa. Lokacin da nake da cikin baban Simbi, ni ina shanye amala malmala biyu in sha ruwa, kakanta yana bayan ɗaki yana kakarin amai. Shi ya fara sani kafin ni. Da aka samu cikin Simbi, ɗana ya yi wata yana lasar lemun tsami, uwarta ga ta nan ko ciwon kai ba ta yi ba. Ƙarya nake?"

"Gaskiya ne, Iya," in ji Mama.

"To ga shi kai ma ka fara, alhali ko goro danginka ba su kawo ba."

Simbi ta ɗago.

"Iya, na rantse muku. Na ce babu komai. Na ce mu je asibiti a gwada ni."

"A je asibiti, a gamu da 'yar wance a can, kafin mu dawo labari ya kai unguwar Beere? Ke yarinya ce, ba lallai ki sani da wuri ba. Jikinsa ya riga ya faɗa."

Wani sauti ya fito daga wajen Anti Raliatu. Na waiga. Ta cusa bakin gyalenta a baki, kafaɗunta na rawa.

Mama ta ce, "Kuka take?"

"Eh, Mama," in ji Anti da ƙyar, hawaye na zubo mata. "Abin ne ya taɓa ni."

Ta matso ta mintsine ni a cinya.

"Buɗe bakinka, ko in buɗe maka."

Jama'a, ku da kuke karantawa kuna ganin abu ne mai sauƙi. Kalma biyu ce, ciwon ciki. Amma a gaban surukai? A gaban Simbi, wadda nake fesa turare kafin in tsaya a gabanta? Da ina kwandasta yaran tasha Mufu Buta suke kirana, har yau in na bi ta can sai wani ya ɗaga murya. Na rantse wa kaina sunan nan ba zai biyo ni Oje ba.

Na yi shiru.

Iya Agba ta ɗauki shirun a matsayin amsa.

"To. Hanya biyu ce. In ka amsa naka ne, a kira malam cikin makon nan a ɗaura a ɗakin nan, babu kiɗa, babu anko, babu gayya. In ka ce ba naka ba ne, ka tashi ka fita, ita kuma gobe ta tafi Iseyin wajen kawunta. Ko ta wace hanya, maganar bayan Sallah ta mutu."

"Iya!" Simbi ta fashe da kuka. "Boda Mufu, ka yi magana mana! Kai ka san babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu!"

Na buɗe baki. Amma wani ya riga ni.

Cikina ya yi wata doguwar ƙara, ta tashi sama, ta yi kwana, ta sauko. Ɗakin ya yi tsit. Har carbin Iya Agba ya tsaya.

Zufa ta keto mini. Na san wannan ƙarar. Ba ta gargaɗi sau biyu.

"Iya," na ce, muryata kamar ta ɗan akuya, "ku gafarce ni. Ina neman buta."

"Me?"

"Buta, Iya. Da banɗaki. Yanzu."

Mama ta riƙe baki. Saurayi bai taɓa neman wannan a gidan surukai ba, ko zai mutu sai ya kai gidansu. Babu wanda ya motsa. Sai Simbi ta miƙe, hawaye a fuskarta, ta ɗauko butar kakarta ta cika a randa, ta dire a gabana ba tare da ta dube ni ba.

Banɗakin gidan yana can ƙarshen tsakar gida. Na ratsa ta tsakiyar masu wanki da buta a hannu, ina tafiyar da ba gudu ba, ba kuma tafiya ba. Wata ta ce, "Sannu, ango." Na ƙara sauri.

Ba zan ba ku labarin abin da ya faru a ciki ba. Ƙofar kwano ce, ba ta kai ƙasa ba, kuma gidan ya yi shiru sosai. Ku ƙarasa da kanku.

Da abin ya lafa, na tsaya na dafa bango ina jan numfashi a hankali, in shaƙa ta hanci in saki ta baki, yadda likita ya koya mini. Tashin zuciyar ya fara sauka. Sai na ji wani abu da ban yi tsammani ba. Na ji sakayau. Abin da na yi shekaru ina ɓoyewa ya riga ya ratsa tsakar gida da buta a hannu. Me ya rage?

Na wanke hannu da sabulu, na wanke fuska, na dawo. Na sake zubewa gaban Iya Agba.

"Tashi," ta ce. Wannan karon da wuri. Tana kallona kamar yadda ake kallon kazar da aka saya aka ga tana ɗingishi. "Laulayin da na sani yana kawo yawu da amai. Ban taɓa ganin wanda ya kawo gudu ba."

"Ba laulayi ba ne, Iya. Ciwo ne. Tun ina yaro nake da shi."

Na faɗa musu duka. Yadda wake da albasa da yaji da madara ke tayar da shi. Yadda fargaba ke tayar da shi fiye da abinci. Yadda nake tashi da safe zuciyata na tashi, in tauna citta, in shinshina lemun tsami, in sha farin koko kaɗan kaɗan har ta kwanta. Yadda nake cin doya dafaffiya da kifi gasasshe in wuni lafiya kamar kowa.

"Ina aji biyu a sakandare na ɗaga hannu in fita, malam ya ce in zauna sai an tashi. Ban kai an tashi ba. Washegari ban koma ba. Kwandasta kuma, mota ba ta tsayawa don cikin yaron mota. Shagon aski babu banɗaki. Kowa na cewa Mufu ba ya zama wuri ɗaya."

"Wani abin dai halinka ne," in ji Anti. "Gyaran waya fa? Can har da banɗaki mai tayil."

"Wannan mai shagon ne ba shi da mutunci."

Iya Agba ta yi wani ɗan tari da ya yi kama da dariya.

Anti ta gyara durƙuso. "Iya, ni na kai shi asibiti da hannuna. An duba jini, an duba komai, babu mugun abu. Kuma tun da ya gane abin da cikin ke so, ga shi ya zauna a aikin taga, ogansa har makullin shago yake bar masa."

Mama ta saki hannuwanta a hankali. Ta dubi Simbi. Ta dubi citta da lemun tsamin da ke ƙasa. Ta sake duban Simbi.

"Wato... babu komai?"

"Tun jiya nake faɗa muku," in ji Simbi. "Kun yarda da aljihunsa, ba ku yarda da bakina ba."

Mama ta dafe kai. Sai kuma ta zabura ta yi ƙofa, ta yaye labule, ta ɗaga murya yadda har masu wucewa a titi za su ji.

"Zawo ne! Kun ji ko? Zawo yake yi! 'Yata ba ta da komai! Mai wanki ta yi wankinta!"

Nan take muka ji ruwa ya fara ƙara a bokitai.

Anti ta kwanta a jikin bango tana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na rufe ido. Shi ke nan, sunan ya iso Oje, ko kuɗin mota bai biya ba. Amma abin mamaki, ban ji zafin da na zata ba. In dai sunan Simbi ya wanku, su kira ni abin da suka ga dama.

Na buɗe ido ina murmushi, na dubi Simbi.

Ita ba murmushi take ba.

"Waken da nake zuba maka kullum fa?"

"Simbi..."

"Har ina ƙara maka yaji, don ka ce mini duk Ibadan babu mai miya irin tawa."

"Gaskiya na faɗa. Babu."

"Kana ci?"

"Ina cinyewa tas. Ke shaida ce."

"Sannan?"

Na sosa ƙeya. "Sannan in tsaya a masallacin Beere."

"Shi ya sa kullum kana gama ci sai ka ce kana da aiki a Beere?"

"Ai aikin ne," in ji Anti. "Ladanin wurin ya ɗauka waliyyi ne. Kullum yaro na zuwa da buta tun kafin lokacin salla. Har ya ce zai riƙa bar masa kiran La'asar."

Mama ta tuntsire. Simbi ko gezau.

"Wato ni nake sa ka ciwo da hannuna, kana kallona, kana cewa in ƙara."

"Ba na son in ɓata miki rai ne."

"Ba ka son ka ɓata mini rai." Ta jinjina kai. "Ɗazu da Iya ta ce za a kai ni Iseyin, ka san gaskiya, ka yi shiru. Ina durƙushe ina kuka, ka yi shiru. Ka gwammace a ce na yi cikin shege da a ce kana zawo?"

Dariyar ɗakin ta ɗauke.

Gaskiyarta ce. Da cikina bai yi magana ba, ban san iya lokacin da zan ɗauka ba.

"Ki yafe mini, Simbi. Kunya ce ta riƙe ni."

"Ni ba ni da kunyar ke nan."

Ta juya mini ƙeya, ta fuskanci bango.

Iya Agba ta nuna ni da carbi.

"Mai taga, amsa mini. Ana ɗauka?"

"A'a, Iya."

"A danginku akwai wanda ya kashe?"

"Babu, Iya," in ji Anti. "Danginmu tsufa ke kashe su, sai kuma taurin kai."

"Yana hana haihuwa?"

Na sunkuyar da kai. "Likita bai ce ba, Iya."

"Yana hana ka hawa tsani ka nemo abinci?"

"Daga kan tsani aka kira ni."

"To." Ta mayar da carbin cinyarta. "Na ga mazan da ke da lafiyar ciki kamar doki, ba su ajiye wa matansu komai ba sai baƙin ciki. Ni na janye maganata. Ranar bayan Sallah tana nan." Ta waiga wajen Simbi. "In yarinyar tana so har yanzu. Mun yi mata laifi, mu da kai duka. Simbiatu, me kika ce?"

Simbi ba ta juyo ba.

"Simbiatu, da ke nake."

Ta ƙara matsawa jikin bango.

Cikina ma ya so ya sa baki, na dafe shi na ce masa don Allah ya bari, ya yi nasa.

"A bar ta ta huce," in ji Iya Agba, sannan ta dubi Mama. "Iya Simbi, kawo abincin nan. An yi faɗa a ɗakin nan, ba mai fita sai an ci abinci a kwano ɗaya. Haka muke yi. Wanda ya ƙi sa hannu, shi ne bai yafe ba."

Mama ta fita da sauri, ta dawo da babban faranti. Tana buɗewa ƙamshi ya cika ɗakin.

Amala ce, baƙa, mai laushi, tana tururi. An malala mata miyar wake, an zuba ewedu, wato miyar lalo, a gefe, a sama kuma jar miya, manja na yawo, attaruhu har yana sa ido ruwa.

Wake. Albasa. Yaji. Duk abokan gabana sun hallara a faranti ɗaya.

Zuciyata ta fara tashi tun daga ƙamshin.

"Iya," in ji Anti a hankali, "ai yanzu ya gama faɗa muku, waken nan..."

"Na ji abin da ya ce, kunnena ƙalau. Wancan waken kasuwa ne. Wannan ni na tashi da asuba na surfe shi da hannuna, na tace da tsintsiyar miya. Da shi na yaye 'ya'yana, da shi na yi jinyar kakansu. Likitan nan ya taɓa ɗanɗana miyata?"

"A'a, Iya."

"To bai san abin da yake faɗa ba. Mai taga, wanke hannu."

Duk Oje an san miyar waken Iya Agba, an kuma san babu wanda ya taɓa mayar mata da ita. Yanzun nan ta mayar mini da ranata. In na ce a'a, na ce ban yafe ba, na kuma ce hannunta cuta ne. In na ci, na san inda zan kwana.

Anti ta matso da bakinta kunnena.

"Loma uku ka yi. Zan tsayar maka da tasi a Beere."

Na wanke hannu. Iya Agba ta fara gutsura, Mama ta bi, Anti ta bi. Idanu suka dawo kaina.

Na ce a raina, Mufu, ka ci na Simbi wata da watanni don soyayya, wannan na sulhu ne, bismillah. Na gutsuri amala. Na dangwala a miyar wake, na ja ta cikin jar miyar don kada a ce na yi wayo. Na ɗago hannu.

Wani hannu ya damƙe wuyan hannuna.

Ban ji tasowarta ba. Simbi ce, a durƙushe kusa da ni, idonta har yanzu jawur. Ta karkaɗe lomar ta koma faranti, ta ja farantin daga gabana.

"Ba zai ci ba."

"Simbi!" in ji Mama. "Kin haukace? Abincin Iya ne!"

"Na sani. Ni zan ci nasa, in ci nawa. Shi a dafa masa doya."

Iya Agba ta tsayar da lomarta a iska.

"Me kika ce?"

"Ku yi haƙuri, Iya. Na ba shi ciwo da hannuna ban sani ba. Yanzu na sani." Ba ta saki hannuna ba. "In ya ci, ba ku za ku yi jinya ba. Mijina ba zai ci ba."

Anti ta daina tauna. Mama ta ɗora hannu biyu a ka. A waje, ƙarar wanki ta sake ɗaukewa.

Ni kuwa kalma ɗaya kawai na ji a duk maganar, "mijina", kuma wallahi ko cikina sai da ya yi shiru ya saurara.

Iya Agba ta mayar da lomarta cikin faranti a hankali. Ta dubi hannun Simbi a kan nawa. Ta dubi miyarta. Ta cire carbin daga cinyarta ta ajiye a gefe.

"Iya Simbi," ta ce, "rufe mini ƙofar nan. Sauran maganar ba ta masu wanki ba ce."